Ni ke riƙe da gidanmu, kuma zuciyata na son zama Fada: amsa ga wani matashi a Agege

Tambayar ta zo ne daga wani matashi ɗan Katolika mai shekara 24, ɗan asalin kudancin Kaduna, wanda ke zaune a Agege yana aikin gyaran janareta a Ikeja. Mahaifinsa ya rasu, shi ne ɗan fari, kuma duk wata yana tura wa mahaifiyarsa naira 45,000. Ƙanwarsa tana aji biyu a babbar sakandare, ƙanensa yana koyon walda. Ya ce shekara uku ke nan tunanin zama Fada, wato firist na Katolika, ya ƙi barinsa, Mama kuwa aure take so ya yi, ga kuma wata yarinya 'yar kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, da suka shaƙu. Yana son ya san yadda ake gane kira na gaskiya, da kuma ko tafiyarsa seminari, makarantar horar da firistoci, saɓa wa doka ta huɗu ce, wadda ta ce a girmama uwa da uba.

Ɗan'uwa, bari a fara da abin da ya fi gaggawa, domin shekarunka ba za su jira ka gama tunani ba. Yawancin dayosis, wato yankunan da Bishop-Bishop ke shugabanta, da ƙungiyoyin firistoci a Najeriya suna da iyakar shekarun da suke karɓar mai nema, kuma wanda takardar sakandare kaɗai gare shi iyakarsa ta fi ta mai digiri ƙasa. Mai shekara 24 yana bakin ƙofa. Saboda haka cikin wannan watan ka sami Fadan cocinku bayan Misa, ka nemi ya ba ka lokaci a ofis, ka faɗa masa abin da ka rubuto nan, ka roƙe shi ya haɗa ka da Fadan da ke kula da masu neman shiga seminari. Kowace dayosis tana da irin wannan Fada. Yin tambaya bai ɗaure ka da komai ba, kuma ba wanda zai sa maka sutan, doguwar rigar Fada, don ka je neman bayani. Abin da za ka samo shi ne iyakar shekaru, lokacin da ake sayar da fom, da jerin takardun da ake so, waɗanda in ba ka san su da wuri ba sai ka tarar ƙofar ta rufe kana tsaka da addu'a.

Sai maganar doka ta huɗu, wadda ita ce ta fi damunka, kuma daidai ne ta dame ka. A Markus 7, Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun keɓe wa Allah, su bar tsofaffi hannu wofi. Bulus ma ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunci bangaskiya. Yesu da kansa yana kan gicciye bai saki rai ba sai da ya danƙa mahaifiyarsa a hannun Yohanna. Wannan na ƙarshe shi ne ma'auninka: ya tafi inda Uba ya aike shi, amma ya bar ta a hannun wani sananne. Ikilisiya tana koyar da cewa wajibi ne 'ya'ya su taimaki iyaye a tsufa da ciwo da rashi, tana kuma koyar da cewa iyaye ba su da ikon tilasta wa ɗa sana'a ko mata ko hana shi bin kiransa. Dokar Ikilisiya ta 219 ta ba kowane mai bi 'yancin zaɓen irin rayuwar da zai yi ba tare da tursasawa ba. To, Mama tana da hakkin ci da magani da girmamawa a kanka har abada. Hakkin zaɓa maka tsakanin aure da bagade kuwa ba nata ba ne, ba kuma na kawunanka ba.

Abin da wannan ke nufi a aikace lissafi ne, da biro da takarda. Ka raba naira 45,000 ɗin nan gida-gida: nawa ke tafiya abinci, nawa kuɗin makarantar ƙanwarka, nawa maganin Mama, nawa taki da kuɗin noma in damina ta zo. Gaban kowanne ka rubuta ranar da zai ƙare. Kuɗin makarantar ƙanwarka yana da ƙarshe, shekara biyu ne ta rubuta WAEC, sai dai ka haɗa da kuɗin rajistar jarrabawar da na JAMB tun yanzu. Koyon waldar ƙanenka yana da ƙarshe, kuma ranar da aka yaye shi, in yana da injin walda da injin yanka ƙarfe nasa na kansa, ya tashi daga mai karɓa ya koma mai bayarwa. Abinci da maganin Mama ne ba su da ƙarshe, su ne kuma ainihin tambayar. In ka duba da kyau za ka ga nauyin da ka ɗauka ba duka ne na har abada ba, wani na wata goma sha takwas ne, wani na shekara biyu.

Daga nan sai ka sa wa kanka wa'adi, shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, gwargwadon abin da iyakar shekaru ta ba ka. A cikin wa'adin, ka shiga adashe ko ka buɗe asusu daban wanda ba ka riƙe katinsa a aljihu, da niyyar abu uku: kayan aikin ƙanenka, kuɗin makarantar ƙanwarka har ta gama, da jarin da Mama za ta juya da hannunta, ko injin niƙa ne, ko awaki, ko sayen citta da masara lokacin kaka a ajiye. Kada ka ba ta dunƙulen kuɗi ka ce na shekara biyu ne, domin a ƙauye kuɗin da ke ajiye kowa ya san da shi, rasuwa ɗaya ko biki ɗaya sai ya cinye. Kuɗin makaranta ka biya makarantar kai tsaye ka karɓi rasit. Kuma kada ka ci bashi don ka yi wannan. Doka ta 644 ta hana shugabannin ƙungiyoyin addini karɓar wanda bashin da ba zai iya biya ba ya yi wa katutu, dayosis ma za ta tambaye ka. Bashin manhajojin waya da ya yi yawa a Legas shi ne mafi muni, don masu shi sukan bi lambobin da ke wayarka suna tozarta ka, har Fadan da ya rubuta maka takardar shaida.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ajiye aiki da wuri. Saurayi ya dawo daga taron addu'a zuciyarsa na tafasa, ya sallami maigidansa, ya sayar da akwatin kayan aiki, ya zauna jiran kira zuwa intabiyu, sai a ce masa takardunsa ba su cika ba ya dawo baɗi. Kada ka ajiye aiki sai takardar karɓa mai sa hannu ta shigo hannunka. Kayan aikinka ma kada ka sayar, ka bar su a hannun amintacce. Ba duk wanda ya shiga seminari ne ake naɗawa ba, kuma wanda ya fita da sana'a a hannu ba ya jin kunyar komawa gida.

Ya kamata ka san tsawon tafiyar. A Najeriya abin da aka saba shi ne shekara ɗaya ta shiri ta ruhaniya, shekara huɗu ta falsafa, shekara ɗaya ta aiki a coci ko makaranta, sannan shekara huɗu ta tauhidi, wato shekara tara zuwa goma. Doka ta 1031 ta ce ba a naɗa mai shirin zama firist dikon, matakin da ke gab da firist, kafin ya cika 23, ba a naɗa firist kafin 25, kuma a bar aƙalla wata shida tsakanin naɗin biyu. Kai in ka shiga kana 25, sai wajen 35 za a naɗa ka. Duk tsawon wannan lokaci ba ka da albashi. Dayosis takan ɗauki kuɗin karatu da abinci a babbar seminari, amma kuɗin mota, sabulu, littattafai da ɗinkin sutan sukan faɗo kan iyali ko masu taimako, wasu wuraren kuma ana biyan wani abu a shekarar shiri. Ka tambayi wannan dalla-dalla. Wanda yake turawa gida zai koma wanda ake turo wa, kuma wannan juyin yana yi wa 'yan fari ciwo fiye da tashin asuba da karatun Latin.

Kada kuma kowa a gida ya yi lissafin cewa bayan shekara goma wahala ta ƙare. Fadan dayosis ba ya ɗaukar wa'adin talauci, alkawarin rashin aure da na biyayya ga Bishop yake yi, yana iya mallakar abinsa ya taimaki mahaifiyarsa daga ɗan abin da ake ba shi. Amma doka ta 286 ta hana shi kasuwanci sai da izini, kuɗin baiko kuma na coci ne, yana da lissafi. Ɗan ƙungiya kuwa, kamar Dominikan ko Jesuit ko Agustiniyan, yana ɗaukar wa'adin talauci, duk abin da ya samu da guminsa na ƙungiya ne bisa doka ta 668. In iyayensa suka shiga matsi sai ya kai wa shugabansa, ƙungiya ta duba. Ga mai uwa gwauruwa wannan bambanci babba ne, kuma tambaya ce da ya dace ka yi wa kowace ƙungiya baki da baki: in mahaifiyata ta kwanta asibiti ina shekara ta uku, me kuke yi? Ƙungiyar kirki ba za ta ga laifinka ba.

Wace ƙofa za ka ƙwanƙwasa? Zamanka a Legas bai raba ka da dayosis ɗinku ta gida ba, bai kuma hana ka neman Legas ba. Doka ta 1016 ta ce Bishop ɗin mai neman naɗi shi ne na inda yake da mazauni, ko na dayosis ɗin da ya ƙudura zai ba da ransa gare ta, doka ta 102 kuma ta ce ana samun mazauni da niyyar zama dindindin ko da cikar shekara biyar. Wannan a takarda ke nan. A aikace Bishop yana karɓar wanda aka sani. In a Kafanchan ko Kaduna aka yi maka baftisma amma shekara biyar ba wanda ya gan ka can sai a Kirsimeti, dole Fadan cocinku na Legas ya rubuta wa na gida. In kuma Babbar Dayosis ta Legas kake so, wadda Akbishop Alfred Adewale Martins ke shugabanta tun 2012, ka sani nan za ka tsufa, nan za a binne ka, kuma za ka buƙaci Yarabanci don yi wa tsofaffi Misa da sauraron furcin zunubansu a Epe ko Ikorodu ko Badagry. Hausarka riba ce, domin 'yan Arewa Katolika suna da yawa a barikokin soja da na 'yan sanda da kasuwanni irin su Mile 12, kuma suna ƙishin Fadan da zai yi musu wa'azi da harshen da suke addu'a da shi. Dayosis ce ke zaɓa maka seminari: 'yan kudu maso yamma da yawa a Saints Peter and Paul da ke Bodija a Ibadan suke karatu, 'yan Arewa kuma a Saint Augustine ta Jos ko Good Shepherd ta Kaduna.

Ƙungiyoyi ma suna kusa da kai. Dominikan suna cocin Saint Dominic a Yaba tun 1951, kuma su ne suka yi aikin bishara a ƙasar Sakkwato da Gusau. Jesuit suna Idimu. 'Yan SMA, ƙungiyar mishan ta Afirka, su ne suka kafa Katolika a Legas, su ne kuma suka kai ta Shendam a 1907. Ƙungiyar mishan ta Saint Paul, wadda Kadinal Dominic Ekandem ya kafa a 1977, tana da gidan horo a Iperu-Remo kan hanyar Ibadan. A ƙungiya akwai matakin da ake kira nobishiyet, wata goma sha biyu aƙalla, ba ya wuce shekara biyu, sannan wa'adi na ɗan lokaci na shekara uku zuwa shida kafin na har abada. Wannan tsarin shi ne kuma na 'yan mata masu son zama Sista, kamar a ƙungiyar Eucharistic Heart of Jesus da Bishop Leo Taylor ya kafa a Legas a 1943. A nan akwai gargaɗi da ba na wasa ba: akwai masu buɗe gida su ɗinka riga su kira kansu ƙungiya ba tare da amincewar Ikilisiya ba, su karɓi kuɗin samari su cinye musu shekaru. Tun 2020 Bishop ma ba ya iya kafa sabuwar ƙungiya sai da rubutaccen izini daga Roma. Duk ƙungiyar da ka gani a Facebook, ka kai sunanta ofishin dayosis a tabbatar maka kafin ka tura ko sisi.

Takardu kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Za a nemi katin baftisma da na ƙarfafawa, sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar har da Turanci da lissafi, takardar haihuwa, wasiƙar neman shiga da hannunka, wasiƙar Fadan cocinku, da gwajin asibiti. Da yawa suna neman takardar auren iyaye da wasiƙar yardar iyali. Inda ake tuntuɓe shi ne suna: katin baftisma ya ce Bulus, WAEC ta ce Paul, katin ɗan ƙasa ya ɗauki sunan kaka, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Seminari suna haɗe da jami'o'i, rajista ba za ta wuce da suna uku ba, saboda haka ka gyara da takardar rantsuwa ta kotu tun yanzu. In katin baftisma ya ɓace, cocin da aka yi maka ita ce kaɗai ke da littafin rajista, can za a sake rubuta maka. In lissafi ne ya kayar da kai, ka yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu a wannan shekarar. Kada ka rage shekaru, kada ka ɓoye ciwo, kada ka ɓoye in ka taɓa shiga wata seminari, domin doka ta 241 ta wajabta a nemi shaidar shugaban inda aka sallame ka. In kana da ɗa a wani wuri, ko an kai kuɗin gaisuwa gidan wata, ka faɗa ranar farko.

Yadda ake gane kira ba ya buƙatar mafarki ko wani mai annabci ya nuna ka a taro, Legas kuwa cike take da masu yin haka. Sama'ila ya ji murya sau uku, amma sai da tsoho Eli ya gaya masa ko ta wane ne. Ka nemi jagora na ruhaniya, Fada ko Sista mai shekaru, ku riƙa ganawa duk sati huɗu zuwa shida. Ka tsara addu'ar da za ta iya zama da gosulon Agege zuwa Ikeja: minti goma sha biyar da Bishara kafin ka fita, ka fara da Markus mai sura 16, Misa sau ɗaya ko biyu a tsakiyar mako ban da Lahadi, Rozari a cikin danfo, minti goma da dare kana duba inda ka ji salama da inda ka ji ƙunci a ranar, furta zunubi sau ɗaya a wata. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta layi biyu kullum. Bayan wata shida, kai da jagoranka za ku ga ko sha'awar tana nan a ranar da aka biya ka da ranar da mai gida ya zage ka, ko kuwa tana tasowa ne kawai idan kuɗin haya ya gabato. Waliyyi Ignatius na Loyola ya bar ƙa'ida mai amfani: kada a sauya shawara a lokacin ƙunci. Ka kuma sa hannu a aikin da ba a tafa wa, koyar da yara katikizim, kai ziyara asibiti tare da 'yan Legion of Mary, zama da mai jinya. Wanda ke son bagade amma ba ya jure warin ɗakin mara lafiya yana da sauran tambaya a gabansa. Daga ƙarshe kuma kira yana da ɓangare biyu, naka da na Ikilisiya. Sai Bishop ya ce ya karɓa sannan ya tabbata.

Game da yarinyar, taura biyu ba ta taunuwa. Ka faɗa mata gaskiya da bakinka, ba ta waya ba, kafin ta ji a bakin 'yan kwaya. Kada ka ce ta jira ka ka gwada, shekarunta ba naka ba ne. In kuma bayan wata shida na addu'a ka ga zuciyarka ta fi kwanciya da ita, kada ka ɗauka ka kasa. Aure sakramenti ne, kira ne cikakke, kuma yana da nasa shirin: sanar da ofishin coci watanni kafin a sa rana, darussan aure, gwajin jini don sikila, shela a coci, sannan ɗaurin aure gaban Fada ko dikon da shaidu biyu.

Maganar Mama kada a yi ta a waya. Ka je gida, ba lokacin Kirsimeti da gida ke cike ba. Ka fara da ita kaɗai, sannan kawu ko baban da take jin maganarsa, in ya yiwu da katikis, malamin coci na ƙauyenku. Ka tafi da takardar lissafin nan, domin tsoronta na farko shi ne wa zai riƙe ta, na biyu wa zai tsayar da gidan mijinta, kuma ƙanenka amsa ce ga duka biyun in ka tsayar da shi da ƙafarsa. Tsoronta na uku kada ka raina shi. Ta ji labarin Michael Nnadi, ɗan shekara 18 da aka sace daga seminarin Good Shepherd a Janairun 2020 aka kashe, ta ji na Na'aman Danlami, ɗalibin seminarin da ya ƙone a gidan Fada a Fadan Kamantan a Satumban 2023. Kada ka ce mata ba komai, ka saurare ta har ta gama. In ta yi kuka ko ta ce ba da yawunta ba, kada ka yi musu, kada ka jawo mata aya, kada kuma ka rage abin da kake turawa ko da naira ɗaya. Mai albarka Cyprian Michael Iwene Tansi, Fada ɗan Najeriya, shugaban makaranta ne mai albashi lokacin da ya shiga seminari a 1925, danginsa ba su so ba, sai 1937 aka naɗa shi. Iyaye sukan sauko a hankali, musamman in sun ga ɗan bai sauya musu fuska ba. Ka roƙi Fadan cocin ƙauyenku ya riƙa leƙa ta, ka kuma yi magana da shugabar zumuntar mata, domin su ne za su zauna da ita ranar da motarka ta tashi, su ne kuma za su kira ka in hawan jininta ya motsa.